Makin Ɗan Fari

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Ta dawo daga makaranta ran nan fuska a murtuke, ta yar da jaka a tsakar gida, wai malamin lissafi ya cuce ta, ya tsallake mata tambaya guda bai ba ta maki ba. Ina zaune a kan buzu a gidanmu na Kabo ina jiran la'asar. Na buɗe baki zan ce ta yi haƙuri ke nan sai na ga ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta karɓi wayar uwarta, ta ɗauki hoto ta tura wa malamin. Kafin in gama alwala har ya amsa, wai shi ne mai ba da haƙuri, kuskure ne, ya gyara. Ta tashi tana tsalle. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Na ce da ita, malamin da zai gyara maki tun ruwan alwala bai bushe ba, anya ya duba takardar tun farko? Anya ma yanzu ya duba, ba tsoron bakin iyayen yara ne ya sa ya ce ya gyara ba?

"Kai dai tsoho ba ka da aiki sai zargi," in ji ta. "Ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa cikin kofin."

Gaskiyarta, ina leƙawa. Abin da ba ta sani ba shi ne inda na koyo halin, kuma da na fara gaya mata sai ƙawayenta suka yi sallama, ta fice ta bar ni da sauran zancen a baki.

Ƙauyenmu yana gefen Getso. Asalinmu masu shanu ne, kakanni suka gaji da yawo suka zauna suka kama noma. Fulatanci ya tafi ya bar mu da Hausa, amma kunyar ba ta bi shi ba, tana nan daram. Ni ɗan fari ne. Yaran yanzu in ka ce musu ɗan fari sai su ɗauka wanda uba ke saɓawa a kafaɗa yana zagaya unguwa da shi. A wajenmu ba haka ba ne. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, wadda na buɗe ido ina ce mata Inna. Uwata in mun yi kiciɓis a bakin rijiya sai ta kau da kai ta gyara lulluɓi. Ubana kuwa bai taɓa kiran sunana ba. In dole ta kama sai ya ce "yaron nan", ko "na wajen Inna". Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kowa ya san haka, har ni ma na sani da kaina. Sai dai zuciyar yaro ba kullum take yarda da abin da kansa ya sani ba. Ni ma ban taɓa ce masa Baba ba. Malam nake ce masa kamar kowa, domin shi ne malamin ajin ƙarshe a makarantar firamaren garinmu, kuma Allah ya sa sai da na shiga ajinsa.

Har yau in na rufe ido ina jin safiyar garin nan. Kukan maruƙa a turke suna neman iyayensu, da ƙarar nono yana zuba cikin ƙwarya, da taɓarya tana amsa wa 'yar'uwarta daga gida zuwa gida. Kafin in tafi makaranta sai na riƙe wa Inna maraƙi ta gama tatsa, na share turke, na ɗebo ruwa. Sannan ta dama mini fura, in sha a tsaye, in ruga da gudu ta cikin gonakin gero, raɓa ta jiƙa mini wando. Ƙararrawarmu wani tsohon wilin mota ne da aka rataye a jikin maina, in monita ya buga shi har awaki sukan ɗaga kai. Yanzu babur ke zuwa ƙofar gida ya ɗauki yaro, yaron ma sai an lallashe shi. Mu tsoron bulala ne babur ɗinmu.

A aji akwai wani abu da kowa ya saba da shi. Kullum da safe Malam yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yaro ya amsa. In ya zo kan nawa sai ya yi ɗan tari, ya ɗaga ido ya tabbatar ina nan, ya wuce na gaba. Tun ina jin nauyin abin har na daina. 'Yan ajinmu kuwa suka laƙaba mini Ɗan Tari, kuma sunan ya bi ni har na girma. Ko tambaya zai yi mini sai ya nuna wajen bencinmu da alli ya ce, "Na ƙarshen can." In na amsa daidai ba ya cewa madalla kamar yadda yake ce wa sauran. Sai dai ya juya ya rubuta amsar a allo.

A shekarar nan aka ce za a yi mana jarrabawar tacewa. Ba duk aji za a kai Gwarzo su rubuta jarrabawar shiga makarantar gaba ba, sai 'yan kaɗan da suka fi maki, kuma lissafi shi ne zai raba gardama. Wanda bai shiga ba karatunsa ya ƙare ke nan. Ni nawa ya fi na kowa tsanani, domin ƙanen ubana, Baffa, shi ne mai kula da garkenmu, kuma ya daɗe yana cewa shanu sun fi ƙarfinsa shi kaɗai. An riga an yi magana a gida: in na ci, in ci gaba da boko, in ban ci ba, da an gama girbi in bi Baffa da shanu kudu. Baffa bai jira sakamako ba. Ya sare sanda mai kyau, ya ƙona ta a wuta ta miƙe, ya shafe ta da man shanu, ya jingine ta a ƙofar ɗakin Inna. Kullum zan fita sai na wuce ta, kullum zan shiga sai na wuce ta. Ba na ƙin shanu, amma ina son karatu kamar raina, kuma na tsani sandar nan.

Ranar da aka dawo mana da takardu na ga makina ya faɗi ƙasa warwas. Wani yaro da kullum nake gaba da shi ya haye kaina, kuma daidai shi ne na ƙarshe cikin waɗanda za su tafi Gwarzo. Na riƙe takardar ina kallon makin. Da na juya ta sai na ga bayanta fes, babu jan biro ko ɗigo. Duk lissafin da na yi a can, wanda shi ne mafi wuya, ba wanda ya kalle shi. Sannan na lura da wasu abubuwa biyu. Alamar daidai ta Malam doguwar jela gare ta, wannan kuwa gajeriya ce a dunƙule. A gefen takardar kuma akwai jan tabon goro, alhali Malam ko a wajen ɗaurin aure aka ba shi goro aljihu yake sa shi ya kawo wa Inna.

Mai cin goro a makarantarmu mutum ɗaya ne, malamin ajin da ke bin namu, wanda muke ce wa Malam Mai Goro a bayan idonsa. Yaron da ya haye kaina kuwa ɗan 'yar'uwarsa ne, a gidansa yake zaune.

Na kai wa Inna zancen tana kaɗa nono. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta karɓi takardar ta shinshina tabon.

"Goro ne," ta ce.

"Inna, to me ya kai takardata hannunsa? Ai ba shi ne malaminmu ba."

"Ji yaro da shirme. To da wa zai duba? Shi wancan ya zauna yana karanta rubutun ɗansa na fari, yana yaba masa, kamar marar kunya? Ai tun da ka shiga ajinsa haka yake yi. Ya duba na kowa, naka ya miƙa wa wani."

"Wancan" da take faɗi ubana ne, domin shi ma ɗanta ne na fari, ita ma ba ta kama sunansa. Ka ji inda gizo ke saƙar. Ni ba na iya yi masa magana, ita ma da za ta shige mini gaba ba ta iyawa.

Daga ranar zargi ya shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa. Na ce lalle Malam Mai Goro da gangan ya ƙi juya takardar don ɗan gidansa ya samu shiga. Washegari kuwa muka haɗu a bakin aji, ya washe jajayen haƙora ya ce, "A'a, ɗan gidan Inna, ya ƙoƙari? A yi haƙuri, haka Allah ya so." Mutumin da bai taɓa tanka mini ba, yau shi ne da ba ni haƙuri. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Ran kasuwa kuma na hango shi tare da Baffa a rumfar mai goro suna ta dariya, har Baffa ya ɓara goro ya ba shi rabi. Shi ke nan, na ce an haɗa baki, ɗaya yana son wa ɗansa gurbi, ɗaya yana son wa shanunsa makiyayi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne zargin da na yi wa Malam kansa. Shi ya raba mana takardun da hannunsa. Bai ga bayan tawa ba ne, ko kuwa ya gani ya yi shiru, don ya fi masa sauƙi in bi shanu da a ce a gari ya tura ɗansa Gwarzo ya bar 'ya'yan mutane? Na gaya wa Inna duk wannan. Ta ce, "Kul! Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Amma na lura ita ma ta daina amsa gaisuwar Baffa da sakin fuska.

Ta yi iyakar abin da al'ada ta yardar mata. Da safe Malam yakan zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon wani wajen. Ran nan bayan sun gaisa sai ta juya wajen akuyarta da ke cin harawa ta ce da ƙarfi, "Ke kuma ki dinga juya abu kina duba bayansa. Ba a duba fuska ɗaya a ce an gama." Akuya ta ci gaba da tauna. Malam ya ce a wuni lafiya, ya sa takalmansa ya tafi. Muka jira, shiru. Ko bai gane ba ne, ko ya gane ya share, Allah masani. Ni dai na ɗauki na biyun.

Gero ya riga ya nuna, ana ta yanka, an kuma ce a satin nan hedimasta zai aika da sunayen masu tafiya. Baffa ya fara gyaran igiyoyin maruƙa. Inna ta dube ni wata la'asar ta ce, "Na yi nawa. Bakinka ba a ɗinke yake ba. Wanda ba ka iya duban idonsa, ai kana iya duban ƙafarsa ka faɗi abin da ya kawo ka."

Na sami Malam a gonarsa shi kaɗai yana ɗaure damin gero. Tun daga nesa na cire takalma, na zo na tsuguna a bayan wani kututture, na kafa ido a kan ƙafafunsa da suka yi futu-futu da ƙasa. Ban taɓa zuwa wajensa da wata magana tawa ba tun da aka haife ni.

"Malam, barka da aiki."

"Yauwa."

"Ya gajiya? Ya amfanin gona?"

"Da godiya."

Gaisuwa ta ƙare, ba ni da sauran wurin ɓuya. Na kasa cewa "ni", sai na ji bakina yana cewa, "Malam, wani yaro ne a aji aka ba shi takardarsa, ba a duba bayanta ba."

Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Bai waiwayo ba.

"Wane yaro?"

"Wani ne na wajen Inna."

"Yaron ya tabbata ya yi aiki a bayan? Ba bayan an raba ya je ya cike ba?"

Maganar nan ta soke ni. Ashe ni ma ana iya zargina. Hawaye suka zubo mini, na ce, "Wallahi a aji ya yi. Wanda ke kusa da shi ya gani."

Ya ja igiyar ya ci gaba da ɗauri. Ina jin tsuntsaye suna ta hayaniya a kan zangarniyar da ba a kwashe ba.

"A ce wa yaron ya ajiye takardar a nan ya tafi gida."

Na ɗora ta a kan kututturen, na danne da dutse, domin har ga Allah na yi tsammanin zai bar iska ta tafi da ita ya ce bai gani ba. Da na yi nisa na laɓe a bayan wata kuka ina leƙe. Sai da ya gama ɗaure damin tsaf, ya goge hannunsa a riga, ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya ɗauka. Ya juya bayanta. Ya tsaya a nan yana karantawa har na gaji da tsuguno, ban kuma ga ya ɗaga kai ba.

Sai da na girma na gane irin ramin da na jefa shi. In ya gyara, ya kunyata abokin aikinsa, ya cire ɗan gidan mutumin ya sa nasa, gari kuma ya samu abin faɗi har shekara ta zagayo. In bai gyara ba, ya danne gaskiyar yaro yana sane. A lokacin ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne washegari ya shigo aji, ya yi tarinsa a kan sunana, ya koyar da darasi, ya fita, ko kallon bencinmu bai yi ba. Na koma gida na tarar Baffa ya ƙara wa sandar mai. Na ce shi ke nan, an binne maganar.

Kashegarin ranar sai ga Malam ya shigo tare da hedimasta da Malam Mai Goro. Ubana ya ce an sami takarda guda da ba a duba bayanta ba, kuma ba zai duba ta a ɓoye ba. Ya rubuta tambayoyin a allo, ya sa 'yan aji suka yi su tare da babbar murya har aka fitar da amsoshi. Sannan ya miƙa wa hedimasta takardar da jan biro, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya. Hedimasta yana dubawa yana gyaɗa kai. Malam Mai Goro ya yi ta salati yana cewa, "Subhanallahi, ido ne, wallahi ido ne, takardun sun manne." Na dubi fuskarsa da kyau ina neman ƙarya, ban samu ba, ban kuma samu gaskiya ba. Har ya bar duniya muna gaisawa, kuma har yau ban yanke masa hukunci ba. Yaron gidansa ya kifa kai a benci yana kuka. Na ji tausayinsa, don shi ba ruwansa, amma ba zan ce ban ji daɗi ba.

Hedimasta ya gyara jerin masu tafiya Gwarzo ya ba Malam ya karanta, tun da ajinsa ne. Ya fara kira, kowa yana miƙewa. Da ya zo na ƙarshe sai ya tsaya. Duk aji muna jiran tarin, har wani a bayana ya fara yi masa shi ƙasa-ƙasa. Ni ma na ɗaga gwiwa zan miƙe da zarar na ji.

Bai yi tari ba. Ya kira sunana, cikakke, haɗe da nasa a baya. Na kasa tashi. Sai da na kusa da ni ya zungure ni na miƙe, kunnuwana suna zafi, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, ina kuma jin wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba. Shi kuwa ya juya ya kama goge allon da babu sauran rubutu a kansa.

Da na gaya wa Inna, ba zancen Gwarzo ne ya tsayar da ita ba. Ta saki ludayi ta kama baki.

"Ya faɗa? Da bakinsa? A gaban mutane?"

Na ce ƙwarai.

"Oh ni! Boko ya gama lalata yaron nan," ta ce, tana dariya tana share ido da gefen zane. Ta tashi ta ɗauke sandar Baffa daga bakin ƙofa, ta koma korar kaji da ita.

Na tafi Gwarzo, na ci, na yi karatun da Allah ya nufe ni da shi. Malam bai sake kiran sunana ba. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi jinyarsa a hannuna, har ranar da ya cika "yaron nan" nake. An kira sunan nan nawa a wurare da yawa tun daga lokacin, a wajen aiki, a asibiti, a lasifikar masallaci, ban taɓa jin sa kamar na ranar ba.

Jikata ta ce ba ni da aiki sai zargi. To akwai guda da ban taɓa gaya wa kowa ba. A ranar nan ba abin da ya tilasta wa Malam ya kira sunana. Da ya yi tarinsa, kowa ya san wanda ake nufi, hedimasta ma ya sani. Da ya so, da ya miƙa wa monita ya karanta. Ina zargin mutumin nan ya daɗe da sunan a bakinsa, tun ranar da aka raɗa mini shi, yana neman dalilin da zai fake da shi ya faɗa ko sau ɗaya. Inna ta ce zato zunubi ne. Wannan kam na ɗauka, Allah ya yafe mini.